Filin Tambaya da Amsa: Aikin Fasto Ne Kirana, ko Gonar Citta?

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan aiki da sana'a suke, kuma kusan dukansu matasa ne suka rubuto. Na zaɓi biyu daga ciki, kuma kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya ta farko

Baba, ina gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matashi ne ɗan shekara 28 daga wani ƙauye a ƙasar Kachia, kuma a ikilisiyar ECWA na tashi. Na karanta ilimin noma a jami'a, na fi ba da ƙarfi a fannin cututtukan shuka. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye mana wata takwas, saboda haka sai a 2023 na kammala, sannan na tafi bautar ƙasa. Tun da na dawo gida nake aika takardun neman aiki, amma shiru kake ji. Mahaifina ya rasu ina aji biyu a sakandare, mahaifiyata ce ta yi ta noman citta tana biya mini kuɗin makaranta, ga kuma ƙanne uku a bayana.

Wata biyu da suka wuce na bi wani abokina taron addu'ar dare, sai baƙon mai wa'azi ya nuna ni a cikin jama'a, ya ce Allah ya kira ni aikin fasto, kuma abin da ya sa ƙofofi suka rufe mini shi ne ina gudu kamar Yunana. Ya ce muddin ban miƙa wuya ba, ba zan ga ci gaba ba. Tun daga wannan dare barci ya ƙaurace mini. Gaskiya ina jin daɗin koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma matasa sukan ce suna fahimtar Littafi idan na yi musu bayani, amma ban taɓa jin marmarin zama fasto ba. A gefe guda kuma kawuna ya ce in zo in riƙa duba wa ƙungiyar manoman garinmu iri da gonaki, za su riƙa ba ni ɗan abin da ya samu, shi kuma zai ba ni fili in yi nawa. Zuciyata ta fi karkata can, amma ina tsoron kada in zama mai yi wa Allah tawaye. Baba, ta yaya mutum yake sanin abin da Allah ya kira shi ya yi?

Amsa

Ɗana, na gode da amincewar da ka yi mini, kuma ina roƙon Allah ya ba ka barci mai daɗi a daren da ka karanta wannan amsa, domin tsoron da ke cikin wasiƙarka ya fi damuna a kan tambayar kanta. Bari mu fara da Yunana, tun da sunansa ne aka ɗora maka. Idan ka buɗe littafinsa za ka ga cewa Yunana bai taɓa ruɗewa game da abin da ake so ya yi ba. An faɗa masa sunan garin, Nineba, an faɗa masa saƙon, shi kuma ya gangara Yafa ya biya kuɗin jirgi zuwa Tarshish da saninsa, domin ba ya so Allah ya ji tausayin mutanen Nineba. Kai kuwa tambaya kake yi, kana neman sanin nufin Allah domin ka bi shi, kuma mai gudu ba ya tsayawa ya tambayi hanya. Wanda ya kwatanta ka da Yunana bai yi maka adalci ba, bai kuma yi wa Nassin adalci ba.

Batun rufewar ƙofofi ma yana buƙatar a dube shi da idon basira. A duk shekara dubban matasa suke fitowa daga bautar ƙasa su zauna a gida, Kirista da Musulmi, masu tsoron Allah da marasa tsoronsa, kuma dalilan a fili suke: masana'antun Kaduna da Kano da dama sun daɗe da durƙushewa, gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata kamar da, ga tsadar rayuwa da ta ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Idan rashin aiki shi ne alamar kira zuwa bagade, da mafi yawan sa'o'inka fastoci ne. Wanda ya tsaya a gaban taron matasa a yau ya nuna ɗaya ya ce masa hanyarsa a toshe take, da wuya ya yi kuskure, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi hattara.

Ban ce ka watsar da maganar ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa, a wasiƙarsa ta fari 5:20-21, kada su raina annabci, amma a nan take ya ce su gwada kome, su riƙe abin da yake nagari. Ka lura da yadda Sabon Alkawari yake gwada irin wannan magana. Timoti, wanda aka yi annabci a kansa, ba baƙo ne ya tsinto shi a cikin taro ba. Ayyukan Manzanni 16:2 ya ce 'yan'uwa na Listira da Ikoniya suna yabon halinsa, kuma 1 Timoti 4:14 ya haɗa annabcin da ɗibiya hannuwan dattawan ikilisiya. A Antakiya ma, sura 13, Ruhu Mai Tsarki ya yi magana ne a tsakiyar shugabannin da suke sujada da azumi tare da Barnaba da Shawulu, mutanen da suka ga aikinsu shekara guda cur a wannan ikilisiya. Har annabcin da yake gaskiya ma akan iya yi masa mummunar fassara. Agabas ya faɗi daidai cewa za a ɗaure Bulus a Urushalima, 'yan'uwa suka ɗauka ma'anarsa ita ce kada ya tafi, suka yi ta roƙonsa da kuka, amma shi ya tafi, su kuma suka ce nufin Ubangiji ya tabbata. Saboda haka abin da ya kamace ka shi ne ka je wurin faston ikilisiyarku da dattawa biyu ko uku waɗanda suka san ka tun kana yaro, ka faɗa musu maganar yadda aka faɗa maka ita, ka tambaye su ko sun taɓa ganin wannan a jikinka. Masu nazarin tauhidi na ɓangaren Furotesta sun daɗe suna raba kiran hidima gida biyu, wato na ciki, wanda shi ne marmarin da Allah yake sa wa mutum a zuciya, da na waje, wanda shi ne shaidar ikilisiya. 1 Timoti 3:1 da marmarin ya fara, ya ce wanda yake burin aikin kula da ikilisiya kyakkyawan aiki yake so. Kai da bakinka ka ce ba ka taɓa jin wannan marmari ba, ikilisiyarka kuma ba ta ce kome ba tukuna. Abin da ke hannunka a yanzu maganar mutum ɗaya ce wanda bai san ko sunan mahaifiyarka ba.

Akwai wata kuskuren fahimta da ta yi kaka-gida a ikilisiyoyinmu, kuma ina ganin ita ce ta ba maganar baƙon nan ƙarfin da ta samu a kanka. Mun saba idan aka ce wane ya sami kira, to, makarantar tauhidi ake nufi, kamar dai sauran jama'a ba wanda ya kira su. A cikin Sabon Alkawari kuwa, kalmar kira mafi yawan lokuta tana nufin kiran da Allah ya yi mana mu zama na Almasihu, mu yi zaman tsarki, kuma wannan ka riga ka amsa shi ranar da ka ba da gaskiya. A ƙarƙashin wannan babban kira ne kowa yake samun wurin tsayuwarsa. Tun kafin zunubi ya shigo duniya, Farawa 2:15 ya ce Allah ya sa mutum a gonar Aidan ya noma ta, ya kiyaye ta, saboda haka noma bai zo a matsayin hukunci ba, wahalarsa ce ta biyo bayan faɗuwa. Ba banza Bahaushe ya ce na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar ba. A Fitowa sura 31 Allah ya ce ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, kuma abin da aka cika shi domin ya yi shi ne aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar duwatsu da itace. Masu karɓar haraji da sojoji sun zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki su bi shi jeji ba, ya ce masu haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne mutumin nan na ƙasar Garasinawa da Yesu ya fitar wa aljanu, a Markus sura 5. Ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi tare da almajirai, Yesu ya hana shi, ya ce ya koma gida wurin danginsa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa. Ga mutumin da ya nemi aikin bishara na dindindin da kansa, Ubangiji ya mai da shi ƙauyensu, kuma wannan komawar ita ce kiransa.

Ikilisiya ta sha mantawa da wannan koyarwa tana sake tunawa. A Turai ta zamanin da, an kai lokacin da kira yake nufin shiga gidan sufaye ko zama firist kawai, har Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya da ya haifar da Furotesta, ya rubuta wa sarakunan Jamus a 1520 cewa baduku da maƙeri da manomi kowa yana da nasa matsayi da aiki, kuma dukansu firistoci ne ta wurin baftisma, aikin kowa kuma domin amfanin ɗan'uwansa ne. 'Yan'uwanmu na Katolika ma, a babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, sun jaddada cewa kiran tsarki na kowane mai bi ne, ba na Fada da Sista kaɗai ba. Kuma ka lura, duk da muhimmancin da suke ba aikin firist, ba sa naɗa mutum domin ya ce ya ji murya. Yakan shafe shekara takwas ko fiye a horo, a makarantu irin su babbar makarantar horar da firistoci ta Waliyyi Augustine da ke Jos, ana duban halinsa, kuma kowane lokaci shi ko masu horar da shi suna iya cewa wannan ba hanyarsa ba ce, ba tare da an ɗauke shi ɗan tawaye ba.

Ba sai mun je Turai ba ma. Dakta Walter Miller, wanda ya iso ƙasar Hausa a 1900 kuma ya yi jagorancin aikin da ya ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, likita ne. Makarantar da ya kafa a Zariya, wadda daga baya ta koma Wusasa, ita ta fitar da Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna yake ɗauke da sunansa. Daga wannan al'umma ta Wusasa kuma Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wa zai ce waɗannan sun guje wa Allah domin sun riƙe allura da alli? A Filato kuma, a ƙarshen shekarun 1950, mishan ɗin SUM ya fara shirin nan na Faith and Farm, wato bangaskiya da noma, wanda Peter Batchelor ya jagoranta, inda aka horar da Kiristoci manoma su koya wa maƙwabtansu noma da shanu da adana hatsi, domin an gane cewa bisharar da ba ta damu da rumbun mutum ba, rabinta aka kawo masa.

Ni ma na ga wannan da idona. A ƙauyen da na girma akwai wani dattijo kafinta, wanda bai taɓa hawa bagade ba sai dai ya yi addu'ar rufe taro. Shi ya yi bencinan majami'armu, kuma har yau ina tuna yadda yakan shafa tafin hannunsa a kan katako bayan ya goge shi, ya sake shafawa, yana cewa kada sartse ya soki wata tsohuwa ta kasa sauraron wa'azi. Yaran da ya koya wa sana'a sun fi goma sha biyar, wasunsu marayu ne da suke ci a gidansa, kuma ba ya barin yaro ya ɓoye tsagaggen katako a ƙarƙashin fenti, ko da mai kayan ba zai taɓa ganewa ba. Ranar jana'izarsa Musulmin garin sun cika harabar majami'a, suna cewa ba su taɓa kama shi da ƙarya a ciniki ba. Fastoci da dama sun yi aiki a garin nan an yi musu canji, amma wa'azin da mutane suka fi tunawa shi ne na wannan mutum.

Yanzu mu dawo kan gonar citta. Ka fi ni sanin abin da ya faru a daminar 2023, lokacin da annobar ruɓewa ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Ganye ya yi rawaya ya bushe, aka tona ƙasa aka tarar saiwa ta ruɓe, mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona suka tashi ba amfani, ba kuma irin shuka na baɗi. Kuɗin makarantar yara da na aure da na asibiti, har da baikon ikilisiya, duk a kan wannan saiwa suke a ƙasarku. To, ga ɗan garin da mahaifiyarsa ta sayar da citta ta tura shi ya karanta cututtukan shuka, ya dawo a daidai lokacin da manoma suke neman wanda zai nuna musu yadda ake zaɓen iri mai lafiya, da wanke shi da magani kafin shuka, da canza fili, da gyara magudanar ruwa, wanda kuma zai iya zuwa Samaru ya yi magana da masu binciken aikin gona da harshensu, ya dawo ya fassara wa tsofaffi da nasu. Ba ni da ikon cewa ga abin da Allah ya faɗa a kanka, kuma ba zan yi maka abin da baƙon nan ya yi ba. Amma idan iliminka da sha'awar zuciyarka da buƙatar mutanenka da shawarar babba kamar kawunka duk suka fuskanci wuri ɗaya, ni a ganina wannan ya fi kama da yadda Allah ya saba bi da 'ya'yansa.

Ka sa mahaifiyarka da ƙannenka a cikin lissafi, kada kuma wani ya sa ka ji kamar yin haka ƙarancin bangaskiya ne. 1 Timoti 5:8 ya yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, kuma a Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Gaskiya ne akwai waɗanda Ubangiji ya ce su bar taru su bi shi, kuma har yau yana yin haka. Masu bishara na EMS, ƙungiyar aikin bishara ta ECWA, da suke zaune a ƙauyukan da ko hanyar mota babu, da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, shaida ne, kuma ina girmama su ƙwarai. Amma ko Yakubu da Yahaya, Markus 1:20 ya kula ya faɗa mana cewa sun bar mahaifinsu Zabadi a jirgi tare da ma'aikatansa, ba shi kaɗai ba. Abin da nake tsoro shi ne matashi ya shiga aikin fasto domin tsoro ko domin ya rasa abin yi. Irin wannan yakan wahala, ya wahalar da iyalinsa, ya kuma wahalar da garken da aka ba shi, domin ranar da albashi ya yi wata uku bai zo ba, ko dattawa suka juya masa baya, babu wani marmari a ciki da zai riƙe shi.

Akwai wata shawara da na daɗe ina amfana da ita, daga Ignatius na Loyola, sojan Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya lura cewa wasu tunane-tunane sukan faranta masa rai na ɗan lokaci su bar shi a bushe, wasu kuma sukan bar masa salama mai daɗewa, daga nan ya fara koyon rarrabe abin da yake motsa zuciya. Cikin ƙa'idodin da ya bari akwai cewa kada mutum ya canza hanyarsa a lokacin da ransa yake cikin duhu da damuwa, ya jira har hankali ya kwanta. Ya kuma ce mutum ya ɗauka wani baƙo ne ya zo masa da irin matsalarsa, ya tambayi kansa wace shawara zai ba shi, sannan ya bi ta. Kai yanzu wata biyu ba ka yi barcin kirki ba, saboda haka ba lokacin yanke hukuncin rayuwa ba ne.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka karɓi tayin kawunka na damina ɗaya, ku yi magana a fili a kan abin da ƙungiya za ta riƙa ba ka da kuma sharaɗin filin, a rubuta, domin zumunci ya fi daɗewa idan an kiyaye shi da takarda. Ka ci gaba da makarantar Lahadi, ka kuma roƙi fastonku ya riƙa ba ka nazarin Littafi na tsakiyar mako, da rakiyarsa gaishe da marasa lafiya da gidajen makoki, domin a nan ne ainihin aikin fasto yake, ba a kan bagade kaɗai ba. Ka riƙa roƙon hikima kamar yadda Yakubu 1:5 ya ce, kana rubuta abin da kake gani a zuciyarka. Bayan an haƙe citta, ka sake zama da dattawan nan. Idan marmarin kiwon garke ya tsiro ya ƙi mutuwa, su ma suka ce sun gani, makarantun tauhidi irin su ta Kagoro da JETS a Jos da TCNN a Bukuru ba za su gudu ba, kuma na san mutanen da suka shiga bayan sun haura shekara 40 suka yi hidima mai albarka, sanin noma da wahalar manomi ma ya ƙara musu amfani. Bulus kansa yana ɗinkin tanti a Korinti tare da Akila da Biriskila yana wa'azi kowace Asabar. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka kuma karanta mata wannan amsa.

Tambaya ta biyu

Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a karkarar jihar Gombe, shekarata 9 a aiki, ina da miji da 'ya'ya biyu. Abokan karatuna da dama sun tafi Ingila, kuma wata daga cikinsu ta ce za ta taimake ni da hanya. A zumuntar mata wasu sun ce Allah ne ya buɗe mini ƙofa, wasu kuma sun ce idan na tafi na yar da kirana, domin mu biyu ne kawai muke karɓar haihuwa a asibitin. Wanne ne gaskiya?

Amsa

'Yata, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya ya saki wani. Masu cewa tafiya yar da kira ce sun manta cewa kiranki jinyar marasa lafiya ne cikin sunan Almasihu, kuma tsohuwar da ke kwance a asibitin Ingila ita ma Allah ne ya halicce ta. Akila da Biriskila sun tashi daga Roma zuwa Korinti, daga nan zuwa Afisa, suka sake komawa Roma, da sana'arsu da bangaskiyarsu, kuma ikilisiya tana taruwa a gidansu. Masu maganar buɗaɗɗiyar ƙofa kuma sun manta cewa ba kowace ƙofa da ta buɗe ake shiga ba. A kurkukun Filibi girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi duka, Bulus da Sila suka zauna, kuma zamansu ne ya ceci ran mai gadin da iyalinsa. A 2 Korintiyawa 2:12-13 Bulus ya ce Ubangiji ya buɗe masa ƙofa a Taruwasa, amma ya bar ta ya wuce Makidoniya domin bai sami ɗan'uwansa Titus ba. Samuwar hanya ba ta ɗauke miki nauyin yin tunani.

Ki san wasu abubuwa kafin ki kashe ko sisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda suke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma bisa ƙa'idar Ingila ba a yarda kamfanonin ɗaukar ma'aikata su zo farautar ma'aikatan lafiya a irin waɗannan ƙasashe ba, ko da yake mutum yana iya neman aiki da kansa. Domin haka duk dillalin da ya ce ki ba shi miliyoyi ya samo miki takardar aiki, ki guje shi. Aikin jinya a can sai an ci jarrabawar Turanci da jarrabawa biyu na hukumar ma'aikatan jinya ta ƙasar, ɗaya a kwamfuta, ɗaya ta gwajin aiki. Ki kuma bambanta bizar ma'aikaciyar jinya da ta mai kula da tsofaffi, domin a watan Maris na 2024 an hana masu wannan ta biyun tafiya da iyalansu, kuma dokokin suna yawan canzawa, sai ki duba na ranar da kike ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta tsaya a kan maganar da kika yi cewa ku biyu ne kuke karɓar haihuwa. Ina tunanin matar da naƙuda za ta kama da tsakar dare a watan Agusta, rafi ya cika, a ɗauko ta a kan babur, a tarar ɗayarku tana hutu, ɗayar kuma ta tafi. Asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, ya rayu har yau ne domin wasu sun bar ƙasashe masu albashi mai tsoka sun zo sun zauna a inda aka fi buƙatarsu. Da son raina ne, da na ce ki zauna. Amma son raina ba dokar Allah ba ce, kuma gyaran asibitocin karkara nauyin hukuma ne wanda bai kamata a jibga shi a kan mace ɗaya da 'ya'yanta ba.

Wasiƙarki ba ta faɗi ra'ayin maigidanki ba, kuma da shi ya kamata a fara, tun kafin zumuntar mata. Ku zauna ku biyu ku amsa wa junanku: tare za ku tafi ko rabuwa za a yi, kuma har tsawon wane lokaci? Wa zai riƙe yaran? Wane aiki shi zai yi a can? Bashi za ku ci, kuma wa zai biya idan jarrabawa ta ƙi? Idan bayan addu'a da shawara kuka ga tafiya ce, ki sanar da shugabannin asibitin da wuri yadda za su nemi wata, ki kuma yi amfani da watannin da jarrabawa za ta ɗauka ki horar da ƙananan ma'aikatan da kuke tare, musamman a kan gane alamun haɗari ga mai ciki da lokacin da ya wajaba a tura ta babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Ki sake rubuto mini bayan kun yi magana da maigidan.